Sunana a Ƙasan Tallan 'Yan Kwikwiyo

Sallama gare ku masu karatu, har da waɗanda suke shigowa don su rubuta "a'uzubillahi" a ƙasa su fita. Ina ganinku. Ku zauna, yau ma akwai rabonku.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: sunana Muhibba, shekarata ashirin da tara, likitar dabbobi ce ni, kuma ina kiwon karnukan gadi a Kuje, irin na Jamus ɗin nan masu tsayayyun kunnuwa. Ni da Anti Lucy muke yi. Filin nata ne, gadon mahaifinta, karatun nawa ne, cizon sauro kuma raba shi muke yi daidai. Na riga na tambayi malamai tun kafin ku tambaye ni: kare don gadin gona da dukiya ya halatta. Kayan aikina daban, kayan sallata daban, sabulun da nake ƙararwa a wata kuwa ya ishi gidan marayu. Wannan ke nan.

Ummata tana Kurudu, tsohuwar malamar firamare ce, kuma a duniyarta ni gonar kaji nake da ita. Haka take faɗa wa maƙwabta, haka take faɗa a gidan suna. Idan na yi magana sai ta ce, "Ba kaji a wurin?" Akwai. Goma sha biyu ne, na Anti Lucy, kuma ko ƙwansu ba na ci sai an ba ni.

Sai Abdulhakim. Lauya ne, dogo, mai tsabtar farce, irin mazan da ko gyale suka ɗauko miki sai sun ninke shi. Wata takwas da suka wuce ya rako abokinsa sayen kwikwiyo, abokin ya tafi da kwikwiyo, shi ya tafi da lambata. Tun daga nan duk Lahadi yana Kuje da ƙunshin balangu, rabi nawa, ƙasusuwan na Damina, babbar karyarmu, uwar 'yan kwikwiyon da ake magana. Da hannunsa ya rubuto mini cewa abin da ya burge shi da ni shi ne ba na jin kunyar sana'ata. Na ajiye saƙon. Ina ajiye komai, hali ne na mai riƙe katin allura.

Ranar Asabar mai zuwa aka sa manyansa za su zo gaisuwa wurin Kawu, a falon Umma. An sauya labule. An cire ledar da ke kan kujeru tun ina aji uku na sakandare, sai ga shi ashe kujerun ruwan goro ne. Tela ya kawo mini leshi ruwan zuma mai duwatsu a wuya, nauyinsa ya kai na buhun abincin kare ƙarami. Gidan kullum cikin hayaƙin turaren wuta yake, har kyankyasai sun yi ƙaura.

To ga abin da ban faɗa muku ba a baya, kuma shi ne dalilin rubutun yau.

Sati uku da suka wuce Abdulhakim ya turo mini saƙo.

"Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya. Ki ɗan cire sunanki da hotonki daga shafin karnukan nan, zuwa a ɗaura aure. 'Yan uwana akwai bincike."

Na rubuta, "Ka ce musu me nake yi?"

"Abin da Umma ta ce."

"Kaji."

"Na ɗan lokaci ne. Bayan biki ni da kaina zan yi wa Baba bayani."

Na kai wa Umma ƙara, ina zaton za ta ji haushi. Tana shafa man zaitun a ƙafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaron nan ya fi ki hankali. Wace uwa ce za ta so a ce surukarta mai karnuka ce? Ke ko tallan atamfa ake yi, ai gefen da bai koɗe ba ake nunawa."

"Umma, ni ba atamfa ba ce."

"Da atamfa ce ke da tuni an saya."

Na cire. Ni Muhibba, da hannuna, na goge sunana da hotona daga shafinmu na Instagram, na bar lambar Anti Lucy kaɗai. Ku rubuta abin da za ku rubuta, na riga ku faɗa wa kaina.

Don ku gane girman abin, sai kun san yadda ake tallan kare a garin nan. Za ku ga hoton kwikwiyo yana wasa cikin ƙanƙara, an rubuta "Zaki, daga Turai, saura biyu", mai tallan kuma yana zaune a Nyanya yana fifita da kwali. Ba uwa, ba uba, ba adireshi, sai dai a haɗu a gidan mai. Masu saye su ma da nasu ilimin. Wani zai ɗaga kwikwiyo ta fatar ƙeya, idan bai yi kuka ba wai jarumi ne. Wani zai buɗe bakinsa yana neman baƙi a sama, wai alamar zafi ce. Wani ya taɓa tambayata ko ɗan sati biyar yana cizon ɓarawo. Na ce masa yana fama da cizon nonon uwarsa tukuna.

Namu tallan ni nake rubutawa, kuma ga na wannan haihuwar:

"'Yan kwikwiyo shida, irin Jamus, satinsu bakwai. Uwarsu Damina tana nan, ana zuwa a gan ta. Ga hoton ubansu da katin allurarsa. An ba su maganin tsutsa, an yi musu allurar farko. Mai koren zare a wuya cibiyarsa ta ɗan fito, ba ta damunsa, amma a sani. Mai farin zare matsoraciya ce, ta dace da gida mai yara, ba gadi ba. Ba ma yanke wutsiya, ba ma aikawa a motar haya. Ba a ɗauka sai sun cika sati takwas, kuma sai mun je mun ga inda za su zauna."

A ƙasa da can akwai sunana. Shekara huɗu ina gaya wa mutane kada su sayi kare daga shafin da ba sunan mai shi. Yanzu shafina ne haka.

Ranar Talata da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, filin ya zama jan taɓo. Ina sanye da koriyar rigar aiki mai haɗe da wando, takalmin roba har gwiwa, baƙin hijabi na cusa shi cikin wuyan riga, ina cire wa Damina kaska a bayan kunne. Wayata ta yi ƙara sau uku a jere, saƙonnin Abdulhakim ne.

"Kina Kuje?"

"An sace wa Baba raguna huɗu a gonar Bwari. Wani abokinsa ya tura masa tallanku. Ya ce lallai in kawo shi."

"Mun wuce gidan yari. Don girman Allah ki ɓoye. Anti Lucy ta ji da shi."

Na nuna wa Anti Lucy. Ta goge hannu da zani, ta karanta tana motsa baki. Ita Bagwariya ce, shekararta hamsin da wani abu, kuma a Hausarta kowa "kai" ne, har ni, har Damina.

"Dokta, kai za ka ɓuya? Kai da ka sa hannu cikin bakin kare mai ciwo ka ciro ƙashi?"

"Minti talatin ne, Anti."

"Wannan miji da ake ɓuya masa tun ba a shiga gidansa ba, in an shiga ina za ka ɓuya? Ƙarƙashin gado?"

"Anti, ga mota can."

"Shiga. Amma ni ba na ƙarya, ina zuwa coci."

Na shiga sito, na ja ƙofa. Ɗaki ne na buhunan abinci, warin busasshen kifi da dusa, da ƙaramar taga mai raga da ke kallon filin. Na zauna kan buhu. Likita mai digiri, shekara shida a jami'a, tana leƙe ta raga kamar ɓera.

Alhaji Manniru, mahaifin Abdulhakim, ya fito daga mota. Na sha ganin hotonsa, amma hoto bai nuna tsayinsa ba. Siriri ne, farin yadi mara aiki, hula zanna da ta ga shekaru, takalmin fata. Ya taka taɓon nan bai ko duba ƙasa ba. Abdulhakim yana biye, cikin shadda ruwan toka da na taya shi zaɓa, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta.

"Sannu Madam," in ji Alhaji. "Kada ki nuna mini 'ya'yan tukuna. Ina uwar?"

A raina na ce, to, yau an samu mai saye.

Anti Lucy ta fito da Damina da igiya. Bai taɓa ta ba. Ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, ya ce a yi tafiya da ita zuwa katanga a dawo. Ya kalli bayanta, ya kalli yadda take sauke ƙafafun baya. Ya ce a ɗaga leɓenta ya ga dasashi. Ya tambayi haihuwarta ta nawa, da tazarar da aka ba ta.

"Oga, ka taɓa kiwon kare?"

"Ko sau ɗaya. Shanu na yi shekara arba'in ina saye. Dabba dai dabba ce, uwa ake kallo." Ya ciro waya daga aljihu, ya nisanta ta da fuskarsa. "Wa ya rubuta wannan?"

"Dokta ne. Ni fili ne nawa."

"Na yi kasuwa daga Maigatari har Legas, ban taɓa ganin mai sayarwa ya nuna mini ƙafar da ke ɗingishi kafin in gano da kaina ba. Wannan ya rubuta cibiya, ya rubuta tsoro. Shi ya sa na taso. Amma abu ɗaya ya tsaya mini. Mutum ya faɗi aibun hajarsa, ya ɓoye sunansa. Me ya fi cibiya muni da yake ɓoyewa?"

Anti Lucy ta kalli sama kamar mai duba hadari. "Dokta yana kusa."

A cikin sito ina jin komai. Na yi shiru. Ina so ku sani cewa har nan na yi shiru.

Alhaji ya juya ga ɗansa. "Kai, na ga ka shigo lungun nan ba ka tambayi kowa ba. Ka san masu wurin ne?"

"A'a Baba. Waya ce ta nuna mini hanya. Ban san su ba."

Ya faɗe shi sumul, da muryar da yake ce mini ranki ya daɗe. Na lissafa Lahadi talatin da wani abu, na haɗiye. Har nan ma na yi shiru. Mace tana iya haɗiye abubuwa da yawa idan an riga an sauya labule.

Damina ce ba a yi shawara da ita ba. Tun shigowarsu take jan igiya, Anti Lucy tana riƙewa. Da ta ji muryar Abdulhakim sai ta fizge. Ta nufe shi kai tsaye tana kaɗa wutsiya har da ƙugu, ta zauna a gabansa, ta ɗora ƙafa ɗaya mai taɓo kan shaddar, tana shinshina aljihun da balangu yake fitowa.

"Kai, tafi," in ji Abdulhakim, ƙasa-ƙasa. "Madam, ki kama karenki."

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da wayarsa aljihu.

"To, Madam, na gode. Mun ɓata miki lokaci."

"Oga, ba ka ga 'ya'yan ba."

"Na ga uwar. Kyakkyawa ce, lafiyayya. Amma karyar da za ta ga baƙon da ba ta taɓa gani ba ta je tana yi masa fara'a, 'ya'yanta raka ɓarawo za su yi har bakin titi. Wannan ne aibun da ba a rubuta ba. Yanzu na gane abin da ya sa ba suna."

Masu karatu, a ce ba a san ni ba, na ɗauka. A ce kaji nake kiwo, na ɗauka. Amma Damina na karɓi haihuwarta da hannuna cikin ruwan sama. Damina ta taɓa tsare mutum uku a kan katangar nan tun asuba har gari ya waye, ba ta ciji kowa ba, ba ta bar kowa ya sauko ba. Dabbar da ba ta da bakin kare kanta za a tafi da ita a baki a matsayin sakarya, a faɗa wa abokin da ya turo tallan, shi ma ya faɗa wa wani, don kawai wani lauya ya ji tsoron babansa.

Na tura ƙofar sito. Ƙarar da ta yi ta isa sanarwa.

"Damina, nan."

Ta bar shi nan take, ta zo ta zauna a gefen ƙafata ta hagu. Na nuna Alhaji da ido, na ce mata, "Duba." Kunnuwanta suka miƙe, wutsiya ta tsaya, ta kafa masa ido, wani gurnani ya fara tasowa daga ƙirjinta. Na ce, "Ya isa." Ta yi shiru.

Na ɗan rusuna, iya yadda takalmin roba ya bari.

"Ina kwana, Baba. Ba ta yi wa baƙo fara'a. Kai baƙo ne, ka ga yadda ta kalle ka. Shi ba baƙo ba ne. Wata takwas yana zuwa nan duk Lahadi, ƙasusuwan balangu yake kawo mata a wancan aljihun."

Alhaji bai kalli ɗansa ba. Ni ya kalla, daga hijabi har taɓon takalmi.

"Ke ce dokta."

"Ni ce. Sunana Muhibba, 'yar marigayi Malam Yamusa, ta Kurudu. Gidanmu za ku zo ranar Asabar."

Kajin Anti Lucy ne kaɗai suke magana a filin.

"Gonar kaji aka ce mini."

"Ga su can, Baba. Goma sha biyu. Ba nawa ba ne."

Abdulhakim ya dafa aljihu. "Baba, ana kirana daga ofis." Wayar ba ta yi ƙara ba, amma wataƙila irin kiran nan ne da lauyoyi kaɗai suke ji. Ya nufi mota, wannan karon bai damu da taɓo ba. Ya shiga, ya rufe, gilashin mai duhu ne.

Na jira Alhaji ya bi shi. Na riga na fara tsara yadda zan gaya wa Umma a mayar wa kujeru ledarsu. Sai ya gyara tsayuwa, ya mayar da hannu baya.

"Wa ya cire sunan?"

"Ni na cire."

"Wa ya ce ki cire?"

"Hannuna ne ya goge, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. "To. Raguna dai an sace su, ko da wa za a yi aure. Nuna mini 'ya'yan. Ta ƙeya ake ɗagawa, ko? Haka aka ce mini."

"Wanda ya faɗa maka bai taɓa zama kwikwiyo ba. Ba a ɗagawa. Tsaya ka gani."

Anti Lucy ta buɗe musu, su shida suka fito suna tuntuɓe da juna, kowa da zarensa a wuya. Na bari suka shagala da igiyar takalmin Alhaji, wanda ya ja baya taku ɗaya cikin mutunci. Sannan na ɗauki kwanon silba na abincinsu, na ɗaga, na sake shi kan siminti.

Ƙarar ta watsa su. Kowa ya yi ta kansa.

"Duka matsorata ne," in ji Alhaji.

"Duka masu hankali ne. Wanda bai firgita ba kurma ne, ko wawa. Ba gudun nake kallo ba. Jira."

Mai jan zare ce ta fara tsayawa. Ta juyo, ta sunkuyar da kai, ta tako a hankali har ta shinshina kwanon, ta yi masa haushi ɗaya don ya san ba ta ji daɗi ba. Mai koren zare ya biyo ta, da cibiyarsa. Sai shuɗi, sai rawaya, sai baƙi. Mai farin zare tana bayan buta, hanci kawai ake gani.

"Kowa yana gudu, Baba. Wanda ya dawo ya duba abin da ya firgita shi, shi nake ba mai gona."

"Wanda bai dawo ba fa?"

"Ba mugu ba ne. Gida mai shiru ya dace da shi, inda ba abin da zai faɗi."

Alhaji ya juya ya kalli motar. Gilashi a rufe, inji yana aiki saboda na'urar sanyi. Ya ɗan jima yana kallo. Ni ban kalla ba, kuma ban kwatanta kowa da komai ba, kada wani ya sa mini magana a baki a wurin sharhi.

"Mai jan zaren nake so," ya ce. "A sa mini ita a kwali."

"Ba yau ba. Satinta bakwai."

"Sati ɗaya ne ya rage."

"Shi ya sa za a jira shi. A satin nan uwarta take koya mata inda cizo yake tsayawa. Kuma ina da tambayoyi. Ina za ta kwana?"

"A gona."

"A ina a gonar? Akwai inuwa? Akwai katanga, ko sarƙa za a ɗaure ta da ita a rana?"

"Akwai bishiyar mangwaro."

"Bishiya ba ɗaki ba ce. Wa zai riƙa ba ta abinci? Yana tsoron kare? Yana dukan dabba? Idan ta yi rashin lafiya wa zai kira ni?"

Anti Lucy ta matso ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Dokta, sannu-sannu. Surukinka ne."

"Bar ta, Madam," in ji Alhaji. "Rabon da a yi mini tambaya haka tun ina neman auren uwar wancan." Ya dube ni. "Idan amsoshina ba su yi miki ba?"

"Ba zan ba ka ba."

"Ko na ƙara a kan kuɗin?"

"Ko ka ƙara. Kuma sai na je na ga wurin da idona. Yana cikin tallan."

"Na karanta." Ya kakkaɓe gefen rigarsa inda taɓo ya fantsama. "Ranar Asabar ba za mu zo Kurudu ba."

Na ce, "To, Baba."

"Ke za ki zo Bwari. Gonar a bayan gidan take, ƙofa ɗaya ce. Ki duba abin da za ki duba. Sai dai ki sani, Hajiya ko a talabijin ta ga kare sai ta sake alwala, kuma ita ke riƙe da makullin." Ya fara tafiya, sannan ya tsaya. "Ki mayar da sunanki. Talla mai kyau ne, ya rasa ƙafa ɗaya."

Ya buɗe motar da kansa ya shiga gaba. Ba wanda ya sauke gilashi.

Anti Lucy ta ɗauki kwanon, ta duba inda ya lotsa. "Wannan tsoho, da shi ne saurayin, da na ce ka aura."

Na wanke hannu sau biyu, na zauna kan benci, na buɗe shafin. Na rubuta sunana cikakke da na mahaifina. Hoton da na cire na da ne, ina sanye da farar rigar likita, ba kare ko ɗaya a ciki. Ban mayar da shi ba. Na ba Anti Lucy wayar ta ɗauke ni yadda nake, hijabi a cushe, taɓo har gwiwa, Damina a gefen hagu. Shi na sa.

Kafin la'asar Umma ta kira. Ban san wa ya kai mata ba, amma a Kurudu labari ba ya jiran mota.

"Muhibba, na cire leda daga kujeruna saboda ke."

"Na sani, Umma."

"Na gaya wa Kawunki, na gaya wa matan layi. Me zan ce musu?"

"Ki ba su sunan shafin. Komai yana rubuce, har da aibu."

Ina jin ƙarar murfin kwalbar man zaitun. "Uban ya zage ki?"

"A'a. Ya ce in zo in duba gidansa."

"Ki duba gidansa. Ke." Ta ja numfashi. "To ko leshin ki sa, kuɗin ɗinki kada ya tafi a banza."

Saƙon Abdulhakim ya shigo bayan magariba, guda ɗaya: "Kin san abin da kika jawo mana?" Na karanta, na ajiye shi tare da wancan na farko, inda ya ce ba na jin kunyar sana'ata. Suna zaune kusa da juna yanzu, su sasanta kansu. Ban ba shi amsa ba. Ya san hanyar Kuje, waya ma tana nuna masa.

Ina ninke rigar aiki sai wani saƙon ya shigo ta shafin, inda masu saye suke rubutowa. Ba hoto, ba gaisuwa.

"Ni ce mahaifiyar Abdulhakim. An ce za ki zo ki duba ko gidana ya isa kare ya zauna."

Na duba agogo, na duba leshin da ke rataye a ƙofa yana walƙiya, na duba takalmin roba da na jingine ya bushe. Sannan na rubuta mata abin da nake rubuta wa kowane mai saye:

"Ƙarfe goma, Hajiya, in sha Allah. A tanadar mini wanda zai riƙa ba ta abinci, ina da tambayoyi. Muhibba Yamusa, mai karnuka, Kuje."